Tiyatar Mutum-mutumi Don Cire Ƙarin Mahaifa: Ya Kamata a Sayar da Fili a Tafi Indiya?

Tambaya: "Assalamu alaikum Likita. Ni mace ce 'yar shekara 36, ina zaune a Kawo cikin garin Kaduna. Shekarata tara da aure, haihuwata ɗaya, kuma tun daga ita ban sake samun ciki ba. Shekara biyu ke nan ina fama da yawan zubar jini lokacin al'ada, har an taɓa yi mini ƙarin jini leda biyu. Hoton sikan ya nuna ina da ƙari guda 7 a mahaifa, mafi girmansu santimita 9. Likitan da nake gani ya ce sai an buɗe cikina an cire su. Amma wani ɗan'uwan maigidana ya ce a Indiya mutum-mutumi ne ke yin aikin, ba a yanka mutum, kuma na'ura ba ta kuskure. Maigida har ya fara maganar sayar da filinsa. Shin gaskiya ne na'urar ce ke yin aikin da kanta? Ta fi aikin hannu? Kuma idan da ita aka yi mini, zan fi samun damar haihuwa?"

Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya ba ki lafiya, ya kuma saka wa maigida da alheri bisa wannan kulawa, domin ba kowane namiji ba ne zai yi tunanin rabuwa da filinsa saboda lafiyar iyalinsa. Idan na fahimce ki da kyau, abu uku kike son sani: mene ne ainihin wannan na'ura, ko ta fi sauran hanyoyin tiyata, da kuma ko ta dace da irin ƙarin da ke jikinki a matsayinki na mai neman haihuwa. Tambaya ta uku ce mafi nauyi, amma ba za ta amsu ba sai mun warware ta farko, saboda bayanin da ɗan'uwan maigida ya kawo muku akwai gaskiya a cikinsa, akwai kuma ƙarin gishiri.

Kafin in shiga, ya kamata ki san matsayin wanda yake ba ki amsa. Ni likitan mata ne, aikina na yau da kullum shi ne tiyatar buɗe ciki da kuma tiyatar huji da ake yi da hannu. Na kalli ana aiki da mutum-mutumi a lokacin wani kwas da na halarta, na kuma zauna a kujerarsa na gwada shi a wurin koyo, amma ba da shi nake yi wa marasa lafiyata aiki ba. Ki auna maganata da wannan ma'auni.

Na'urar ba ta yin komai da kanta

Sunan mutum-mutumi ne yake ruɗar mutane, har su ɗauka wani ƙarfe ne mai siffar ɗan'adam zai tsaya a kan mara lafiya ya yanke shawara da kansa. Abin ba haka yake ba. Na'urar da aka fi sani a duniya ita ce da Vinci, wadda kamfanin Intuitive Surgical na jihar Kalifoniya a Amurka yake ƙerawa. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da ita a shekarar 2000, sannan a 2005 ta amince a riƙa amfani da ita wajen tiyatar mata. Daga baya wasu sun biyo, kamar Versius da ake yi a Ingila, da Hugo na kamfanin Medtronic, da Toumai ta ƙasar Sin, da Mantra ta Indiya.

Tsarinsu kusan ɗaya ne. Bayan an sa wa mace maganin barci, sai a hura mata iskar kabon dayoksaid a ciki domin fatar ciki ta ɗaga daga kan hanji a samu sarari. Sai a yi huji uku zuwa biyar a fatar cikin, kowanne kimanin milimita 8 zuwa 12, wato wajen faɗin ɗan yatsa. Ta ɗaya a zura kyamara, ta sauran a zura siraran kayan aiki, a haɗa su da hannuwan na'urar. Likitan fiɗa kuwa sai ya koma gefe guda a cikin ɗakin ya zauna, ya sa idanunsa a wani madubi da ke nuna masa cikin mara lafiyar a girmame har kusan ninki goma, ya riƙe maɓallai da yatsunsa, ƙafafunsa kuma suna kan wasu matakai. Duk motsin da yatsunsa suka yi, shi almakashi ko hantsakin da ke cikin cikin zai maimaita. Idan ya tsaya, na'urar ta tsaya. Idan ya yanke abin da bai kamata ba, ita ma za ta yanke shi, kuma da matuƙar daidaito. Saboda haka maganar cewa na'ura ba ta kuskure ba ta da tushe: kuskurenta kuskuren mai tuƙa ta ne, ban da cewa ita kanta takan samu matsala kamar kowane inji, a dakata da ita a ƙarasa aikin da hannu.

Haka nan batun cewa ba a yanka mutum. Ana yanka, sai dai yankan waje ne ƙanana. A ciki kuwa, duk tsagar da za a yi wa mahaifa domin a ɓare ƙari guda bakwai sai an yi ta, ko da na'ura ko ba da ita ba. Wannan magana ki riƙe ta, domin za mu dawo kanta.

Hanyoyin uku ne, ba biyu ba

A wasiƙarki kin sanya abin kamar zaɓi ne tsakanin buɗe ciki a Kaduna da mutum-mutumi a Indiya, alhali akwai hanya ta uku a tsakani, wadda ita ce ma uwar tiyatar mutum-mutumin. Ita ce tiyatar huji ta hannu, wadda likitoci ke kira laparoskopi. Hujin iri ɗaya ne, iskar iri ɗaya ce, kyamarar ma haka, bambancin kawai likita yana tsaye a gefen gado yana riƙe da dogayen kayan aikin da hannunsa yana kallon allo. Wannan fasaha ta daɗe, kuma likitocin mata ne suka raine ta. Farfesa Kurt Semm na birnin Kiel a Jamus, wanda likitan mata ne, shi ne ya fara cire afendis ta wannan hanya a 1980, sannan Dakta Harry Reich na Amurka ya wallafa rahoton cire mahaifa ta huji a 1989. Ana yin laparoskopi a Najeriya, a manyan asibitocin koyarwa da wasu asibitocin kuɗi, kuma akwai likitocin da suka ƙware a kai a nan Arewa.

Abin da ya sa nake jaddada wannan shi ne, kusan duk amfanin da ake lissafa wa mutum-mutumi a tallace-tallace, amfanin huji ne ba na na'urar ba. Ƙarancin ciwo bayan aiki, ƙarancin ruɓewar rauni, tashi daga gado da wuri, kwana ɗaya ko biyu a asibiti maimakon uku zuwa biyar, komawa hidimar gida cikin mako biyu ko uku maimakon huɗu zuwa shida, duk waɗannan ana samun su ne saboda ba a yi doguwar tsaga a ciki ba. Wadda aka yi wa laparoskopi na hannu ma tana samunsu. Idan aka kwatanta mutum-mutumi da buɗe ciki sai ya yi fice, amma idan aka kwatanta shi da ɗan'uwansa laparoskopi, tazarar takan ƙanƙance har ta kusa ɓacewa.

Ba ra'ayina ba ne kawai. A 2013 mujallar ƙungiyar likitocin Amurka ta wallafa wani babban nazari na Dakta Jason Wright da abokan aikinsa a kan cire mahaifa don cututtukan da ba sankara ba. Sun tarar cewa yawan matsalolin da ke biyo bayan aiki kusan ɗaya ne tsakanin hanyoyin biyu, amma aikin mutum-mutumi ya fi tsada da fiye da dala 2,000 a kan kowace mace. Bitar da cibiyar Cochrane, mai tattara binciken likitanci na duniya tana tace shi, ta yi a 2019, wadda ta tattara gwaje-gwajen da aka yi a fannin tiyatar mata, ita ma ba ta samu hujjar cewa na'urar ta fi laparoskopi rage matsaloli ba. Wani abin da zai ba ki mamaki shi ne, ƙungiyar likitocin mata ta Amurka, a ƙasar da na'urar ta fi yawa, matsayinta shi ne idan za a cire mahaifa don cutar da ba sankara ba, hanyar da aka fi so ita ce ta gaba, wato ta farji, matuƙar za ta yiwu, domin ita ko huji ba ta bari a ciki.

To me na'urar ta ƙara?

Ta ƙara abubuwa na gaske, ba zan rage mata daraja ba. Kayan laparoskopi na hannu miƙaƙƙu ne kamar sanda, ba sa lanƙwasuwa, kuma yin ɗinki da su a can ƙasan ƙugu yana da wuyar koyo ƙwarai. Duk wanda ya koya ya san irin zufar da ya sha. Kayan mutum-mutumi kuwa suna da wuyan hannu da ke juyawa fiye da na ɗan'adam, na'urar tana tace rawar hannu, hoton kuma yana da zurfi kamar yadda ido biyu ke gani. Likitan yana zaune, ba ya gajiya da wuri a aikin da zai kai awa huɗu ko biyar. Ranar da na fara gwada ɗinki da ita, abin da ya ɗauke ni watanni ina koyo da hannu sai na ga ya zo mini da sauƙi cikin ɗan lokaci. Wannan shi ne sirrin yaɗuwarta: tana sauƙaƙa wa likita yin aikin huji mai wuya, har wanda da zai buɗe ciki ya iya yi ba tare da ya buɗe ba.

Saboda haka akwai inda take da amfani a fili. Akwai mace mai ƙiba sosai da ke da sankarar cikin mahaifa, wadda doguwar tsaga a cikinta kan daɗe ba ta warke ba. Akwai cutar endometiriyosis mai tsanani, wato idan irin naman da ke shimfiɗe a cikin mahaifa ya tsiro a waje ya manne da hanji ko mafitsara, inda ake buƙatar ɓanɓarewa a hankali a wuri mai matsi. Akwai kuma aikin ɗaga mahaifa ko farjin da ya zazzago, wanda ɗinki ne da yawa a wuri mai zurfi.

Amma akwai inda hujin gaba ɗaya, na hannu da na na'ura, ya ba likitoci kunya, kuma yana da kyau mata su san wannan. A 2018 aka wallafa sakamakon wani gwaji na ƙasa da ƙasa ƙarƙashin Dakta Pedro Ramirez, wanda ya haɗa mata 631 masu sankarar bakin mahaifa a matakin farko. Bayan shekara huɗu da rabi, kashi 96.5 cikin ɗari na waɗanda aka buɗe wa ciki cutar ba ta dawo musu ba, alhali a cikin waɗanda aka yi wa huji kashi 86 ne kawai. Mafi yawan hujin na hannu ne, kaɗan ne na mutum-mutumi, amma sakamakon ya sa manyan cibiyoyi suka koma buɗe ciki a wannan cuta. Shekaru ana yin aikin ta huji ana ganin an ci gaba, sai da aka auna aka gane tsohuwar hanya ta fi tsare rai.

A nan gida ma muna da misalin aikin da ƙwarewar hannu ke yi ba tare da na'ura ba. Yoyon fitsari yana daga cikin manyan matsalolin matan Arewa, kuma cibiyar Babbar Ruga da ke Katsina ta yi suna a duniya wajen gyara shi. Galibin wannan gyara ta gaba ake yin sa, da allura da zare da ƙwararren hannu.

Yanzu mu dawo kan mahaifarki

Ƙarin mahaifa ba baƙon abu ba ne a wajenmu. Wani nazari da aka wallafa a Amurka a 2003 ya nuna cewa kafin shekara 50, fiye da kashi 80 cikin ɗari na baƙaƙen mata suna da shi, kuma a wurinmu yakan fara da wuri, ya yi yawa, ya yi girma. Tsiro ne na tsokar mahaifa, ba sankara ba ne, kuma da yawa ba sa buƙatar a taɓa su. Naki kuwa ya kai ga ƙarin jini, don haka lallai yana buƙatar magani. Tun da kina son haihuwa, aikin da ake magana shi ne cire ƙarin a bar mahaifa, ba cire mahaifar ba, kuma wannan ya canza lissafin sosai.

Abu na farko, lamba bakwai da sikan ya ba ki ƙiyasi ne. Sikan yana ƙirga waɗanda ya gani, ƙanana kuwa sukan ɓuya a bayan manya. Na sha shiga aiki da takardar da ta ce biyar ko shida, in fito da tasa cike da fiye da ashirin, wasu kamar gyaɗa, wasu kamar goro, wasu kamar lemo. Yawancin ƙananan nan ba da ido nake gano su ba, da yatsa ne: in riƙe mahaifar a tafin hannu in murza tsokar har in ji ɗan tauri a ciki. Wannan shi ne babban abin da mutum-mutumi ya rasa. Galibin na'urorin da ke aiki a duniya ba sa mayar wa likita jin taɓi, idonsa kawai yake dogara da shi. Sabon samfurin da Vinci da aka amince da shi a 2024 ya fara ba likita jin ƙarfin ja da turi, amma wannan bai kai murza tsoka da yatsa ba. Idan ƙari ɗaya ne ko biyu ko uku a wuri mai kyau, rashin taɓin ba damuwa ba ne. Idan suna da yawa a warwatse cikin tsoka, ana iya barin wasu, su ci gaba da girma.

Abu na biyu shi ne jini. Cire ƙari aiki ne mai zubar jini. Idan an buɗe ciki, mukan ɗaure ƙasan mahaifa da robar fitsari domin a tsayar da jijiyoyin da ke kai mata jini na ɗan lokaci, dabara ce mai arha da likitocin Najeriya suka ƙware a kai, kuma tana aiki. A aikin huji ma akwai dabarun rage jini, amma kowace tsaga da kowane ɗinki yana ɗaukar lokaci fiye da na hannu, kuma idan tsagar ta yi yawa, lokacin barci da zubar jinin sukan ƙaru. Shi ya sa ko a cibiyoyin da suka fi ƙwarewa, kafin a fara sai an sa mace ta sa hannu cewa idan hali ya yi za a buɗe cikin. Wato kina iya biyan kuɗin mutum-mutumi ki farka da tsagar da kika je gudu.

Abu na uku, yaya za a fitar da ƙari mai santimita 9 ta hujin santimita ɗaya? Sai an yayyanka shi ƙanana. A da ana amfani da wani inji mai niƙa shi a cikin ciki, har sai da hukumar Amurka ta yi gargaɗi a 2014, inda ta ƙiyasta cewa kusan mace ɗaya cikin 350 da ake yi wa aikin ƙari tana ɗauke da wata ɓoyayyiyar sankara mai kama da shi, wadda niƙawar za ta watsa ta ko'ina. Masana sun yi ta muhawara a kan wannan lamba, kuma haɗarin ya fi ƙanƙanta ga mace mai shekarunki, amma tun daga nan aka koma sanya ƙarin a cikin wata jaka kafin a yanka shi, ko a faɗaɗa huji ɗaya zuwa 'yan santimita a ciro shi ta nan.

Sai babbar tambayarki, ta haihuwa. Amsar a taƙaice ita ce babu hujja mai ƙarfi da ta nuna cewa wadda aka yi wa da mutum-mutumi ta fi wadda aka yi wa da laparoskopi ko buɗe ciki samun juna biyu. Abin da ya fi tasiri shi ne inda ƙarin yake. Wanda ya kutso cikin ɗakin mahaifa, inda ɗa ke kwanciya, shi ne ya fi hana ciki ya fi kuma jawo zubar jini, kuma cire shi yana taimakawa. Irin wannan, idan bai yi girma ba, ba ta ciki ma ake bi ba, ta bakin mahaifa ake zura kyamara a kankare shi. Wanda ya tsiro ta bayan mahaifa ya leƙa waje, da wuya ya hana haihuwa. Wanda ke tsakiyar tsoka kuwa, ya danganta da girmansa da ko ya matse ɗakin. Bayan wuri, sai ingancin ɗinkin da aka yi wa mahaifa hawa-hawa, domin wannan ɗinki ne zai ɗauki nauyin ciki na wata tara. Amfani ɗaya da huji yake da shi a nan shi ne yakan rage mannewar kayan ciki bayan aiki, wanda kan iya shafar bututun ƙwai, kuma wannan amfani ne da ba zan raina ba.

Akwai kuma abin da ba ki ambata ba, wanda ni zan fara tambaya da kin zo wurina. An duba bututun ƙwanki da hoton da ake kira HSG? An yi wa maigida awon maniyyi? Na san magana ce mai nauyi a gidajenmu, kuma da yawa sukan ce ai ya taɓa haihuwa, amma shekara da shekaru suna canza jikin namiji kamar yadda suke canza na mace. Na ga matan da aka yi wa aikin ƙari mai kyau suka zauna jiran ciki shekaru, ashe matsalar ba a mahaifa take ba. Awon nan biyu kuɗinsu bai kai na tikitin jirgi ba.

Kuɗi, tafiya, da abin da ke biyo bayan dawowa

Tsadar aikin tana da dalili. Na'urar da Vinci kanta takan kai dala miliyan biyu, ga kuɗin kula da ita duk shekara, kayan aikin da ake maƙala mata kuma an ƙayyade musu adadin amfani, kusan sau goma ko ɗan fiye, daga nan sai su daina aiki a sayi sababbi. Tana buƙatar wutar da ba ta ɗaukewa da injiniyoyi a kusa, da ma'aikatan jinya da aka horar musamman. Duk wannan a kan mara lafiya yake ƙarewa. A kan haka ki ɗora biza, da jirgi na mutum biyu, da masauki na makonni, da canjin dala, da kason dillalan da ke haɗa mutane da asibitocin waje, waɗanda ribarsu tana cikin ki tafi ne, ba cikin ki samu shawarar da ta dace ba.

Abin da ya fi damuna a matsayin likita shi ne bayan dawowa. Matsalolin tiyatar huji, kamar ƙonewar hanji ko ta bututun da ke kawo fitsari daga ƙoda, wani lokaci ba sa bayyana sai bayan kwanaki, har mako ɗaya ko biyu. Na taɓa karɓar wata baiwar Allah da aka yi wa aiki a waje, ta dawo da zazzaɓi da kumburin ciki, ba ta da komai a hannu sai rasit da takardar sallama mai layi huɗu. Ba mu san tsaga nawa aka yi wa mahaifarta ba, ba mu san ko an shiga ɗakin mahaifar ba. Ta warke da ikon Allah, amma mun yi aiki cikin duhu. Doguwar tafiyar jirgi jim kaɗan bayan tiyata ita ma tana ƙara haɗarin daskarewar jini a jijiyar ƙafa.

Idan duk da haka kuka zaɓi tafiya, ko kuka sami inda ake yi a cikin ƙasa, sunan na'urar ba shi ne abin tambaya ba. Ki tambayi likitan aikin cire ƙari nawa ya yi da ita da hannunsa, ba asibitin ba, shi kansa. Ki tambaye shi sau nawa yakan koma buɗe ciki a tsakiyar aiki, da yadda zai fitar da ƙarin, da ko ya ga hoton MRI naki, wato hoton da ya fi sikan nuna wurin kowane ƙari, kafin ya yi alkawari. Wanda ya yi miki alkawarin huji daga takardar sikan da aka tura masa ta WhatsApp, ki yi hattara da shi. Kuma kada ki baro asibitin sai da cikakken rahoton aikin da sakamakon awon naman da aka cire.

Shawarata a kan abin da kika rubuto

Ban gan ki ba, ban taɓa cikinki ba, ban ga hoton ba, don haka ba zan iya yanke hukunci a madadin likitan da ya duba ki ba. Amma da siffar da kika bayar, wato ƙari bakwai ko fiye, babba mai santimita 9, ga ƙarancin jini, ga neman haihuwa, shawarar da likitanki ya ba ki ta buɗe ciki ba alamar ci baya ba ce. Shawara ce da ƙwararru da yawa a Landan ko Delhi za su iya bayarwa a irin wannan yanayi. Akwai gwanayen huji da za su iya yin aikinki ta huji su yi shi da kyau, ban musa ba, amma ribar da za ki samu ita ce saurin warkewa da ƙaramin tabo, ba tabbacin ciki ba. Ni dai ban ga wannan riba ta kai a rabu da fili ba, musamman da yake idan cikin bai zo da kansa ba bayan aikin, kuɗin nan za a iya buƙatarsu wajen neman haihuwa ta wasu hanyoyin asibiti, kuma a shekara 36 lokaci ba ya jira.

Abin da zan ce ki yi yanzu shi ne ki nemi ra'ayin ƙwararren likitan mata na biyu, a Asibitin Koyarwa na Barau Dikko, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, ko wani da kuka amince da shi, zai fi kyau wanda yake yin laparoskopi, domin shi ne zai gaya miki gaskiya ko naki zai yiwu ta huji. Neman ra'ayi na biyu ba cin fuska ba ne ga likitanki na farko. Ki roƙi a zana miki inda kowane ƙari yake, a kuma gaya miki ko akwai wanda ya shiga ɗakin mahaifa.

A wannan tsakanin kada a bar jinin ya ci gaba da zuba ana jiran kuɗin tafiya, domin wannan ne haɗarin da ke gabanki a yau. Akwai magungunan rage zubar jinin al'ada, akwai maganin ƙarin jini na sha da na jijiya, akwai kuma allurar da ke dakatar da al'ada na 'yan watanni ta ɗan rage girman ƙarin kafin aiki, duk da cewa takan sa ƙananan su ɓuya, don haka likita ne zai auna ko ta dace da ke. Ki guji haɗe-haɗen da ake tallatawa cewa suna narkar da ƙari, domin na ga mata sun zo bayan shekara guda da ƙarin ya ninka, jini kuma ya yi ƙasa sosai. Ki tanadi masu ba da jini daga dangi tun kafin ranar aiki, ki kuma tattauna da likita da maigida a kan cewa, ko da yake ba kasafai yake faruwa ba, idan jini ya ƙi tsayuwa ana iya cire mahaifa domin a ceci rai, kuma wannan sharaɗi yana nan ko da wace hanya aka bi.

Bayan aikin, za a ce ki dakata da ɗaukar ciki na wasu watanni, galibi uku zuwa shida, wasu likitocin sukan ƙara idan tsagar ta yi zurfi. Ƙari yakan iya sake tsirowa bayan shekaru, shi ya sa ba a so a yi dogon jinkiri da zarar wa'adin ya cika. Idan Allah ya kawo rabo, ki fara awo da wuri, ki kai wa masu awon rahoton tiyatar, domin idan an yi wa mahaifa tsaga mai zurfi ko an shiga ɗakinta, mafi yawan likitoci za su tsara miki haihuwa ta aiki kafin naƙuda ta fara, kuma irin wannan ciki ba a haihuwarsa a gida.